Shirya Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu Don Fadamun Haɗeja

Duk wanda aiki ke kai shi ƙauyukan Guri, Kirikasamma ko Auyo ya san inda kwalta take ƙarewa, ya kuma san ƙasa iri biyu ce ke jiransa daga nan. Akwai tudu mai rairayi inda taya ke nutsewa da rani, akwai kuma fadama mai baƙar laka wadda kan bushe ta tsattsage a watan Maris, amma da ta sha ruwan sama biyu sai ta koma santsi da danƙo. Sau da yawa tsakanin wannan da waccan bai wuce tafiyar minti biyar ba. Ma'aikatan rigakafi, malaman gona, masu sayen shinkafa da riɗi, fataken kifi, duk a wannan ƙasa suke murza taya, yawancinsu da Hilux, masu hali da Land Cruiser, wasu kuma da L200 ko tsohuwar Land Rover da ta ƙi mutuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake zuba kuɗi a kan waɗannan motoci ta inda bai dace ba. Mutum zai sayi mota, washegari ya kai ta wurin mai walda a garƙama mata bambar ƙarfe, a jera fitilu a kan rufi, a ɗaga ta sama har sai an yi tsalle kafin a shiga. Ta yi kwarjini a bakin kasuwa kam, amma ranar da ta shiga fadama nauyin nan ne zai fara danna ta cikin laka. Gyaran da ke fitar da mota daga fadamun Haɗeja yawancinsa ba a hango shi daga nesa, kuma shi ya fi araha: taya, iskar da ke cikinta, kafofin da ruwa ke bi ya shiga cikin ƙarfe, da kayan ciro mota idan ta kafe.

Sai an fahimci ruwan tukuna. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma mai gudu kusan duk shekara. Wannan ruwa da ba ya yankewa shi ya ba kacala damar mamaye magudanai, musamman daga Haɗeja zuwa gabas, wajen Likori da rafin Marma da ke nufar Nguru. In kacala ta toshe wa ruwa hanya, sai ya nemi wata. Saboda haka hanyar da direba ya bi a bushe bara ba lallai ya same ta haka bana ba, kuma mashigi na iya cika ko da ɗigo bai sauka a Haɗeja ba, don an tafka ruwa a Kano kwanaki kaɗan baya, ko an saki na dam. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Kafin a ƙara wa mota komai, a tabbatar abin da ta zo da shi yana aiki. Motoci da yawa 'yan Beljiyam da na gwanjon ma'aikatu sunan jan ƙafa huɗu kawai gare su: an cire farfelar gaba, ko giyar da direbobi ke kira ogzilari ta daskare don an shekara ba a taɓa ta ba. A kai motar kan rairayi, a sa 4H, a sa 4L, wani ya tsaya a gefe ya ga ko ƙafafun gaba na ja. In tsohon yayi ce mai makulli a tsakiyar wilin gaba, sai an sauka an murɗa shi zuwa inda aka rubuta LOCK, in ba haka ba aikin banza ake yi. A duba robobin da ke rufe shaf na gaba, don wadda ta yage za ta haɗiyi laka ta cinye ƙarfen cikin 'yan makonni. A duba kuros ɗin farfela, a ɗura masa giris. A kuma kiyaye wannan: Hilux da ire-irenta ba a tafiya da su a 4H a kan busasshiyar kwalta. Ƙafafun gaba da na baya ba su da abin da zai raba musu gudu a kwana, sai ƙarfe ya riƙa murɗa ƙarfe har wani abu ya karye.

Kuɗin farko na taya ne. Ita kaɗai ke taɓa ƙasa, ita kaɗai kuma ke ɗaga mafi ƙasƙancin wuri a mota, wato tulun aksul na baya, wanda ko an ɗaga bodi zuwa ina yana nan inda yake. Iri biyu ne ake zaɓa a tsakaninsu. Mai alamar AT tana da matsakaitan haƙora, tana tafiya lafiya a kwalta da rairayi, tana kuma taɓukawa a laka mara zurfi. Mai alamar MT haƙoranta manya ne masu tazara, suna watsar da laka yayin da taya ke juyawa maimakon su cushe su zama sumul. Amma tana kuka a kwalta, tana ƙara shan mai, a rairayi kuma gina rami take yi in direba ya cika taka totur. A ganina, wanda yawancin tafiyarsa tsakanin Kano da Haɗeja ce, sai jefi-jefi ya leƙa ƙauye, AT ta ishe shi. Wanda kuwa damina ke riskarsa a Baturiya ko gabashin Guri kowane mako, ya daure ya sayi MT.

Kowace iri ce, a nemi mai alamar LT ko C, wato mai kaurin gefe wadda aka yi don kaya, saboda ƙayar aduwa da ta bagaruwa da kututturen da aka sare a gona gefen taya suke sara, kuma gefe ba ya faci. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin kalmar DOT: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye ko haƙoranta na nan robarta ta bushe, kuma ita ce ke fashewa a zafin Afrilu. Game da girma, mataki ɗaya ya wadatar. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 ana samun ƙarin tsayi na ɗan sama da santimita ɗaya a ƙarƙashin aksul, agogon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari. Masu wili 16 suna da zaɓi mai kyau a 235/85R16, doguwa ce siririya, irin wadda ke yanka lakar sama ta taka ƙasa mai tauri. Wuce haka kuma taya za ta fara gogar bodi, mota ta rasa ƙarfin tashi, kuloci ya sha wuya. Wilin ƙarfe ya fi na alminiyam a daji, don in ya lanƙwashe guduma za ta miƙe shi, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi.

Safaya ta zama irin sauran huɗun, kuma a ciro ta daga ƙarƙashin bodi a ɗaure ta a sama cikin bayan mota. Wanda ya taɓa neman safayarsa alhali mota ta zauna a kanta cikin laka ya san dalili.

Abu na biyu ba ya cin kuɗi sosai, amma ya fi duk wani ƙarfe da za a liƙa wa mota amfani: ma'aunin iska na hannu da ƙaramin injin hura taya mai kama batir. Je wurin mai faci a kowace tasha, zai ɗora tiyo ya ɗago kai ya ce, "Oga, in sa arba'in da biyar?" Shi a wurinsa taya mai tauri ita ce lafiyayyiya. A rairayi kuwa ita ce ke binne mota. Idan aka rage iska, sawun taya a ƙasa yana tsawo, nauyi ya bazu, mota ta hau kan yashi maimakon ta gina shi. A kwalta a bi abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, wanda a irin waɗannan motoci yakan kama talatin ko ɗan sama da haka. A hanyar burji mai gargada a sauko wajen 26. A laka, 20 zuwa 24. A rairayi mai laushi, 16 zuwa 18. Mota mai kaya ba a rage mata iska kamar wadda ba ta da kaya, kuma ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga wili a kwana. Muddin iska na ƙasa ba a gudu, ba a karya sitiyari da ƙarfi, kuma da an taka kwalta a tsaya a mayar da iskar. Taya mai iska 18 da aka zabga wa gudu zuwa Malam Madori zafi za ta yi ta fashe.

Yanzu ga gyaran da ba kasafai ake yin sa a garejojinmu ba, alhali kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Aksul na gaba da na baya, da akwatin giya, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kowannensu na da 'yar kafar numfashi a samansa. Bayan doguwar tafiya ƙarfen ya ɗauki zafi, iskar ciki ta kumbura. Da an tsoma shi cikin ruwan sanyi sai iskar ta tsuke, ya zuƙi ruwa ta wannan kafa ko ta robar gefen shaf. Direba ba zai ji komai ba ranar. Sai bayan wata biyu aksul ya fara kuka.

Maganin shi ne a kwance 'yar hular da ke kan kafar, a ɗaura kan tiyo mai zare daidai ramin, a sa siririn tiyon mai a matse shi da kilif, a bi da shi ta jikin shasi nesa da salansa har cikin gidan inji, a ɗaure bakinsa can sama kusa da bonet yana kallon ƙasa, a sa masa ƙaramar matatar fetur irin ta babur don ƙura. A na baya a bar rarar tiyo, domin aksul na hawa da sauka, in an ja shi tsam zai tsinke a rami na farko. Kowane bakanike mai natsuwa zai gama wannan cikin yini guda. Hanyar gane ko ruwa ya riga ya shiga kuwa mai sauƙi ce: a kwance notin da ake zuba mai a jikin aksul, a tsoma yatsa. Lafiyayyen mai ruwan zuma ne ko baƙi-baƙi. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar da shi ranar a zuba sabo na giya mai lambar GL-5, in kuma aksul ɗin mai alamar LSD ne a nemi nasa na musamman.

Daga nan sai bututun shaƙar iska, wanda ake bi da shi ta gefen gilashin gaba zuwa saman rufi. Amfaninsa biyu ne. Na farko, yana hana ruwa shiga inji, wanda ba ya jure ruwa ko kaɗan, don ruwa ba ya matsuwa: in fistin ya taso ya same shi a silinda, sandarsa ce za ta lanƙwashe, injin dizal kuma ya fi saurin mutuwa ta haka. Na biyu, da hunturu, musamman in ana bin bayan wata mota, iskar sama ta fi ta gindin taya tsabta, matatar iska ta fi daɗewa. Amma bututun da bai toshu ba yaudara ne. Kowane mahaɗi sai an shafe shi da gam mai jure zafi, ramin da ke ƙasan akwatin matatar iska ma sai an toshe shi. Gwajinsa: inji na aiki a hankali, a ɗora faffaɗan katako a bakin bututun na ɗan lokaci. In ya shaƙe zai mutu, aiki ya yi. In ya ci gaba da aiki abinsa, yana shan iska ta wani wuri, kuma ta nan ruwa zai bi.

Bututu bai mai da mota kwalekwale ba. Hilux ƙirar 2015 zuwa sama kamfani ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, wato wajen tsakiyar cinyar babban mutum, kuma wannan a ruwa mai kwanciya ne da ƙasa mai tauri. Ƙwaƙwalwar mota, altaneta, da wayoyin fulogi a masu fetur duk suna nan inda suke. Saboda haka kafin a shiga mashigi a tsaya mota ta huce, wani ya ratsa da sanda yana taka inda kowace taya za ta bi. Ya sa dogon takalmin roba in da hali, don ruwan fadama da ke kwance ba ya rasa tsargiya. A ɗaura igiyar ja tun a tudu a naɗe ta a sama, a sauke gilasai, a rufe gaban mota da tamfal don kada fanka ta tsunduma cikin ruwa ta lanƙwasa ta yanki lagireto. A shiga da 4L giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa, ba canza giya a tsakiya, don da an taka kuloci ruwa da laka sun samu ƙofa. Da an fita a riƙa ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe. In inji ya mutu a cikin ruwa kada a kuskura a sake murɗa makulli. A jawo ta waje, a buɗe matatar iska. In ta jiƙe, sai an cire fulogi ko nozul an juya injin ya tofar da ruwan kafin a tayar da shi.

Ɗaga mota na da amfani, amma da iyaka. Santimita biyar, wato inci biyu, shi ne abin da yawancin waɗannan motoci ke ɗauka ba tare da wani abu ya lalace ba, kuma da sifirin da shokazoba da aka ƙera don haka ake yin sa. Land Cruiser samfurin 70, da aka fara ƙerawa a 1984, aksul ɗinta na gaba sanda ɗaya ne, tana jure ɗagawa. Hilux daga 2005 kuwa kowace ƙafar gaba da nata shaf, in aka wuce ƙima sai su karkace, robobinsu su riƙa yagewa. Abin da nake ja wa mutane kunne a kansa shi ne dabarun bakin hanya: a cusa gutsuren ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, a yi waldar dogayen marataya, ko a ƙara ganyen sifirin na babbar mota. Na ƙarshen nan ya fi yawa a wurin masu lodin buhuna. Mota takan daina zama in an loda ta, gaskiya ne, amma in babu kaya sai ta sandare, ƙafa ɗaya ta rataye a iska a kan kowane kwari, ƙarfin ja ya tafi a banza. Bayan kowace ɗagawa a duba tsawon tiyon birki, a daidaita saitin ƙafafun gaba, a tsofaffin a-kori-kura marasa ABS kuma a gyara sandar bawul ɗin da ke auna nauyin kaya a birkin baya. Direba kuma ya sani motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an ɗora jarkoki a rufi.

Batun bamba ba zan daɗe a kansa ba. Ita da injin janye mota a haɗe sukan kai nauyin babban mutum ko fiye, duk a kan hancin mota, inda ya fi saurin nutsewa. Wadda aka ƙera a bakin titi na iya hana jakar iska aiki yadda aka tsara ta, ga kuma abin da take yi wa ɗan acaɓa ko yaro in tsautsayi ya gitta a cikin gari. Abin da ya fi ta amfani shi ne farantin ƙarfe mai kaurin milimita uku ko huɗu a ƙarƙashin inji da akwatin giya, a ɗaure shi da noti ba walda ba, a huda masa ramukan da laka za ta zube. In dole sai an yi walda a jikin mota, a cire kan batir tukuna.

Akwai wani abu da masu sabuwar mota ba sa yarda da shi sai sun gani. Ko an sa 4L, aksul na yau da kullum ƙafar da ta fi sauƙin juyawa yake tura wa ƙarfi, shi ya sa za ka ga ƙafa ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta feshin laka, sauran biyun na tsaye. Makullin aksul na baya shi ke tilasta wa ƙafafun biyu juyawa tare. Wasu motocin da shi suke zuwa, maɓallinsa na nan kusa da sitiyari, masu su ba su taɓa danna shi ba. In babu, ana iya sa shi, da tsada, kuma ya fi injin janye mota amfani a wannan ƙasa. Ana kunna shi kafin a shiga wurin da ake tsoro, a kashe da an fita. Masu ba da shawarar a yi wa haƙoran aksul walda su haɗe har abada, a gode musu a wuce: a kwalta motar za ta ƙi kwana, ta cinye taya, ta karya shaf.

Duk da haka wata rana za ta kafe. Da ka ji ta daina gaba, ɗaga ƙafarka daga totur, don kowane juyi na taya ƙara zurfi ne. Kayan da ba a fita ba su: shebur mai doguwar ƙota, katakai biyu masu kauri da tsawon kamar mita ɗaya da rabi, jak mai ƙarfi da faffaɗan katakon da zai zauna a kai, igiyar ja mai talewa wadda aka rubuta tan takwas a jikinta, da maɗaurai biyu na ƙarfe masu lambar nauyi, irin masu tan 4.75. A ƙara rage iska, a gine lakar da ta riƙe cikin motar da gaban tayoyi, a ɗaga ƙafa a cusa katako, ganyen kaba ko kara a ƙarƙashinta, a gwada komawa da baya ta sawun da aka shigo. Injin janye mota na bari a ƙarshe da gangan, saboda a tsakiyar fadama ba ko'ina ake samun itacen da za a ɗaura shi ba. Mai shi sai ya gina rami mai zurfin kusan mita ɗaya ya binne safaya ya ɗaura a jikinta.

Yawanci dai tarakta ce ko wata mota za ta zo ceto, kuma a nan ake samun asarar rai. Ƙananan zobban da ke ƙarƙashin mota don ɗaure ta a jirgi aka yi su, ƙwallon jan tirela kuma in ya ɓalle harsashi ne. A sa wa shasi ƙugiyoyin ja na gaskiya, gaba da baya, da notuna masu ƙarfi. Ba a fizga da sarƙa, don ba ta talewa, sai dai ta tsinke ko ta yage shasi. Mai tarakta ya ja a hankali da ƙaramar giya. A jefa buhu ko bargo a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kafin a fara kuma, a nemi wani dattijo a ce masa, "Baba, don Allah a kora mana yaran nan baya," domin duk inda mota ta kafe a ƙauye yara ne ke fara zagaye ta, kuma daidai igiyar suke tsayawa.

Ciyawa ma abokiyar gaba ce. Furen kacala in ya bushe tashi yake yi ya manne a lagireto, ya haɗu da laka ya toshe shi, allurar zafi ta fara hawa. A sa ragar sauro ta ƙarfe a bayan ragar gaba yadda za a iya cire ta a kakkaɓe, a riƙa wanke lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi. Da kaka, bayan yankan shinkafa, busasshen tattaka na naɗewa a farfela da salansa, kuma salansa mai zafi na iya kunna shi. A riƙa leƙawa ana cirewa, ba a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa, tukunyar kashe gobara kuma ta zauna inda hannun direba zai kai. Mai dizal da ke shan man jarka a ƙauye ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai, ya kuma riƙe wata matatar a mota. Ƙarin fitilu kuwa a bi da su ta fis da rile, a kashe su in an hau titi. In an canza inji ko fenti a gyara takardu kafin a haɗu da VIO ko jami'an kiyaye haɗurra, a kuma guji koren fenti irin na soja, doka ta hana.

Bayan kowace tafiya ta laka a wanke ƙarƙashin mota tun ba ta bushe ba, a ɗura sabon giris a farfela har tsohon ya fito, a duba man aksul. A ƙarshen damina a buɗe gangunan birkin baya, za a sami laka a ciki tana cin takalmin birki.

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba akwai mashigan da babu gyaran da zai ƙetarar da mota. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗauke a-kori-kura, in kuma mutum bai iya tsayawa a cikinsa da ƙafafunsa ba, mota ma ba za ta tsaya ba. A tambayi masunta da bulaman ƙauye, su suka san inda ruwa ya karya jiya. In sun ce ba ta wucewa, a bar ta a tudu a biya kuɗin fito. Roƙona ga direbobi kuma shi ne kada a hau jingar da mutanen gari suka tara da buhunan ƙasa don tare ruwa, kada kuma a ratsa gonar shinkafa don kauce wa taɓo. Sawun taya mai manyan haƙora a kan jiƙaƙƙiyar jinga ya isa ya buɗe wa ruwa hanyar shiga gidajen mutane.